Daga Malfar Jaji Zuwa Wayar Salula: Tarihin Neman Ilimi Daga Gida Tsakanin Ƙasar Hausa da Birnin Greensboro

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin neman ilimi daga gida ba tare da kuɗin makaranta ba, ta hanyar jera abin da ya gudana a ƙasar Hausa da abin da ya gudana a Greensboro, wani birni na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda a yau ake da al'ummar 'yan Nijar da ta ƙunshi Hausawa. An waiwayi makarantar zaure da tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, da Yaƙi da Jahilci, da tafsirin rediyo, da ƙungiyoyin masu sauraro na Nijar, da talabijin ɗin ilimi da aka buɗe a Karolina ta Arewa a 1955, har zuwa laccocin kyauta na intanet. Maƙalar ta gano cewa kowace sabuwar na'ura ta faɗaɗa yawan masu jin karatu, amma karatun bai zauna ba sai inda aka sami mutumin da ke tsakanin muryar malami da kunnen ɗalibi, wanda ake biya wa karatu, yana gyarawa.

Fitilun Kalmomi: karatu daga gida, ilimin manya, 'Yan Taru, tafsirin rediyo, laccocin intanet, Greensboro

1.0 Gabatarwa

Idan mai tafsiri ya zauna da ƙarfe 4 na yamma a Kano ko Maraɗi, a Greensboro ƙarfe 10 ko 11 na safe ne, gwargwadon lokacin shekara. Bahaushen da ke zaune a can zai iya jin karatun kai-tsaye a wayarsa, ko ya bari sai ya tashi daga aiki. Da wayar nan dai zai iya buɗe laccar lissafi ta wata babbar jami'a ba tare da an tambaye shi sisi ko takardar shaida ba. Mutane da dama na ɗaukar wannan a matsayin abin da intanet ta ƙago daga babu. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Hausawa sun daɗe da cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma kusan shekara ɗari biyu ke nan da aka fara tsara yadda karatu zai iske mutum a cikin gidansa a ƙasar Hausa.

Maƙalar ta yi ƙoƙarin amsa tambaya biyu. Ta farko, waɗanne matakai karatun gida ya taka kafin ya iso wayar salula? Ta biyu, me ya bambanta yunƙurin da ya haifar da masu ilimi da wanda ya tsaya ga tara masu sauraro? An zaɓi Greensboro ne saboda dalili biyu: birnin yana da nasa tarihin kange ilimi da buɗe shi, kuma nan ne ɗaya daga cikin wuraren da tarihin Hausawa da na Amurkawa suka haɗu a yau.

2.0 Zaure da Malfa

Makarantar ilimi, wadda ake kira makarantar zaure, ita ce tsohuwar makarantar manya ta ƙasar Hausa. Ba ta da rajista, ba ta da shekarun shiga, ba ta da ranar gamawa. Ɗan kasuwa da maɗinki da maƙeri kowa kan zo da littafinsa bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Isha'i, daga mai Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi har zuwa mai Risala da Muhtasar. Ɗalibi kan karanto Larabci, malam yana fassarawa, saura suna saurare har layi ya zo kansu. Ba a yanke wa kowa farashi, sai abin da ya sawwaƙa na sadaka. Abin lura a nan shi ne ba a ƙara wa mutum karatu sai ya biya na jiya. Kalmomin da ake amfani da su, wato ɗaukar karatu da biya karatu da ƙarin karatu, suna nuna cewa a fahimtar Bahaushe karatu abu ne mai zuwa da dawowa tsakanin mutum biyu.

Sai dai zaure yana bakin ƙofa ne, mata kuwa suna ciki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da baƙi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta mayar da wannan suka tsari. Wajen shekarun 1830 ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Matar aure mai goyo a ƙauye ba za ta iya barin ɗakinta ta tafi Sakkwato ko Wurno neman ilimi ba. Don haka sai aka zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga kowane gari, aka naɗa ta jaji, aka ɗora mata malfa da jan rawani. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai aka juya ma'anarta ta koma alamar malanta. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba zuwa wurin Asma'u, su ɗauki karatu, su kawo tambayoyin matan da suka baro, su koma gida da amsa.

Karatun kansa a waƙe yake. Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tsara hukunce-hukuncen sallah da tarihin Manzon Allah da tarihin jihadi cikin baitocin da za a iya haddacewa ana daka ko ana kaɗi. A nan ana iya cewa waƙa ta yi aikin da kaset ya zo ya yi daga baya: ta ɗauki darasin malama ta kai shi inda ƙafarta ba ta taka ba, ba tare da ya sauya ba. Amma Asma'u ba ta saki waƙar ita kaɗai ba. Ta haɗa ta da jaji, wadda ta san kowace ɗaliba da sunanta, ta san wadda ta haddace da wadda ta karkace. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin, ya kuma rayu har cikin ƙarni na 20.

3.0 Karolina ta Arewa: Ilimin da Aka Kange

A daidai wannan zamani, a ɗaya gefen tekun Atlantika, labarin ya sha bamban. Yankin da Greensboro take yana da tasa makarantar gida: a 1767 wani limamin Kirista mai suna David Caldwell ya fara karantar da samari a gidansa na katako, makarantar da ta yaye mutanen da suka zama gwamnoni da lauyoyi. An kafa garin kansa a 1808, shekarar da Alƙalawa ta faɗi a hannun jama'ar Shehu. Amma wannan ƙofa ta Turawa ce kawai. A 1830 majalisar jihar ta yi dokar da ta haramta koya wa bawa karatu ko rubutu.

Shekara guda bayan wannan doka, a 1831, wani bawa a kudancin jihar ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. Sunansa Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro ne a ƙasar Senegal ta yau, wanda ya ce ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi a kai shi Charleston a 1807. Ya gudu daga ubangidansa na farko, aka tsare shi a kurkukun Fayetteville, inda rubutun Larabcin da ya yi a bango ya ja hankalin mutane. Ya rasu yana bawa wajen lokacin da Nana Asma'u ta rasu. Su biyun 'ya'yan tsarin karatu ɗaya ne na Afirka ta Yamma. Ita ta sami jajoji da ɗalibai, iliminta ya yaɗu. Shi kuwa ya rayu fiye da shekara hamsin babu wanda zai biya masa karatu, sai 'yan takardun da ya bari. A 2019 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora rubutun nasa a intanet, kowa na iya gani kyauta.

Bayan yaƙin basasar Amurka da 'yanta bayi a 1865, baƙaƙen fatar Greensboro suka tashi neman abin da aka hana iyayensu. Kwalejin Bennett ta faro ne a 1873 a ɗakin ƙasa na wata majami'a a unguwar Warnersville. A 1891 jihar ta kafa kwalejin koyon noma da sana'a ta baƙaƙe, wadda a yau ake kira Jami'ar A&T, ta kuma kafa kwalejin horar da malamai mata ta Turawa, wadda ta zama Jami'ar Karolina ta Arewa reshen Greensboro a 1963. Hatta ɗakin karatu na jama'a, wanda shi ne makarantar mai karatun kansa, an raba shi gida biyu: na Turawa ya buɗe a 1902, na baƙaƙe kuwa sai a 1924, a harabar Kwalejin Bennett.

A wasu sassan Amurka kuma an fara kai karatu gida ta gidan waya. A 1873 Anna Ticknor ta kafa wata ƙungiya a Boston domin ƙarfafa wa mata karatu a gidajensu. Kowace ɗaliba ana haɗa ta da mace mai ilimi da za su riƙa musayar wasiƙa, tana duba abin da ta karanta. Ticknor ba ta san da Asma'u ba, amma matsala ɗaya ta kai su ga magani iri ɗaya.

4.0 Zamanin Takarda da Rediyo da Talabijin

4.1 Arewacin Nijeriya da Nijar

Zuwan boko ya kawo sabon nau'in jahilci: dattijon da ya sauke Alƙur'ani ya wayi gari ba ya iya karanta takardar harajinsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta zama makaranta ga dubban mutane, domin mutum ɗaya kan karanta a dandali, goma suna saurare. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagorantarsa. Aka buɗe azuzuwan manya a gindin itatuwa da zaurukan masu unguwanni, aka buga littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Da aka ga wanda ya koyi karatu kan manta idan ba shi da abin karantawa, sai hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzaga ta Zariya. An rufe hukumar a 1959.

Rediyo ne ya fara tsallake zaure ya shiga har tsakar gida. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye ranar 13 ga Maris, 1957, gidan Rediyon Kaduna kuma ya buɗe a 1962. Tun a cikin shekarun 1960 aka fara sanya tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello, daga bisani kuma aka riƙa jin na Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi da wasunsu. Wannan ita ce laccar kyauta ta farko da ta game ƙasar Hausa. Mace tana girkin buɗa-baki tana jin abin da a da sai mijinta ya je masallaci ya jiyo. Manomi a ƙauye ya sami damar jin malamai biyu masu saɓanin fahimta a rana ɗaya, ya auna da kansa. Wannan ya taimaka wajen zafafa muhawarar da ta kai ga kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da martanin da malaman ɗariƙu suka yi mata. Kaset ya zo ya ƙara wa abin ƙarfi, domin yanzu ana iya mayar da malam baya a sake ji.

Sai dai a lura da abin da ya biyo baya. Matan da suka ji karatu a rediyo ba su ce ya wadatar ba. A shekarun 1970 da 1980 ne makarantun Islamiyya na matan aure, na dare da na ƙarshen mako, suka yawaita a biranen Arewa. Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980 a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ƙungiyar FOMWAN ta mata Musulmi kuma ta kafu a Minna a 1985. Rediyo ya tayar da ƙishi, amma a aji aka je shan ruwan.

Jamhuriyar Nijar ta gane wannan tun da wuri. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo. Mutanen ƙauye kan taru su ji shiri a kan noma ko lafiya da Hausa ko Zabarmanci, wani jagora ya buɗe tattaunawa, a naɗi ra'ayoyinsu a mayar Yamai, su zama kayan shiri na gaba. A 1964 kuma aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a makarantun firamare, nan ma kowane aji da mai kula da ke zama da yara bayan an kashe akwati.

4.2 Greensboro

A 1952 hukumar sadarwa ta Amurka ta keɓe tashoshin talabijin 242 domin ilimi kawai. Jami'ar Karolina ta Arewa ta karɓi ɗaya, da gudummawar masu hannu da shuni, cikinsu har da Joseph Bryan, wani attajirin Greensboro. Tashar WUNC ta fara aiki ranar 8 ga Janairu, 1955, da ɗakunan shirye-shirye uku: a Chapel Hill da Raleigh da Kwalejin Mata ta Greensboro. Malaman kwalejin suka fara tsayawa gaban kyamara suna koyar da mutanen da ba su taɓa gani ba.

Akwai abin dubawa a wannan kwanan wata. A Janairun 1955 Kwalejin Mata ba ta taɓa ɗaukar baƙar fata ko ɗaya ba. Sai a 1956 JoAnne Smart da Bettye Tillman suka zama na farko. Ke nan an yi lokacin da baƙar mace a gabashin Greensboro, idan gidansu na da talabijin, za ta iya jin laccar malamin da doka da al'ada suka hana ta zama a ajinsa. Iska ba ta san launin fata ba. Amma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin adalci. Ranar 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu na A&T, wato Ezell Blair da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da aka keɓe wa Turawa, suka ƙi tashi. Abin da mutanen birnin suka nema shi ne kujera a cikin ɗaki. Leƙe ta taga bai ishe su ba.

Alƙaluman wancan zamani ma suna da darasi. A 1957 Jami'ar New York ta fara wani shirin lacca a talabijin da ƙarfe 6:30 na safe mai suna Sunrise Semester. A kwas na farko an ƙiyasta masu kallo sun kai 120,000, amma 177 ne suka yi rajista domin a duba aikinsu a ba su sakamako. Jami'ar karatu daga gida ta Birtaniya, wadda ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, ta kauce wa wannan rami: ta haɗa laccocin BBC da malami mai duba aikin kowane ɗalibi da cibiyoyin haɗuwa. Irin wannan jami'a Nijeriya ta kafa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba ta farfaɗo ba sai a farkon shekarun 2000.

5.0 Zamanin Intanet

A Afrilun 2001 jami'ar MIT ta ba da sanarwar za ta ɗora kayan darussanta a intanet kyauta. A watan Agustan shekarar ne kuma wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. Waɗannan abubuwa biyu su ne daga baya suka haɗu a tafin hannun Bahaushe. YouTube ya zo a 2005, Jami'ar Yale ta saki laccocinta a 2007. A 2011 malamai biyu na Jami'ar Stanford, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira ga duniya, mutum kimanin 160,000 suka shiga, kimanin 23,000 suka kammala. A 2012 aka kafa Coursera da edX, aka yi ta shelar cewa ƙarshen tsadar jami'a ya zo.

Bayan ƙura ta lafa, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka nazarci kwasa-kwasan MIT da Harvard na edX, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2019. Sun gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne na waɗanda suka shiga suka kammala, kuma mafi yawan ɗaliban daga ƙasashe masu arziki suke. Wato abin da aka gani a 1957 ne ya sake maimaituwa a babban faifai. Wanda ya riga ya iya karatu shi ya fi cin moriyar karatun da babu mai tsare shi.

A ɓangaren Hausa, ilimin addini ne ya riga kowa shiga. Kaset ya koma faifan CD, faifai ya koma katin waya, daga nan sai YouTube da Facebook da WhatsApp da Telegram. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a masallacinsa na Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu, 2007, har yau ana sauraron tafsirinsa, har da matasan da ba a haife su ba lokacin da ya yi shi. A azumin 2020, da annobar korona ta hana taruwa, malamai da dama sun gabatar da tafsiri babu jama'a a gabansu, sai kyamara. Wannan alheri ne babba, amma yana da iyaka: malamin da ke cikin faifai ba ya jin tambaya, ba ya kuma sanin wanda ya fahimce shi a baibai. Daga nan ne ake samun matashin da ya ji lacca ɗari bai taɓa durƙusawa gaban kowa ba, yana yanke hukuncin da malaminsa zai yi shakkar yankewa.

Akwai kuma giɓin harshe. Mai neman fiƙihu ko tafsiri da Hausa zai shekara yana ji bai ƙure ba. Mai neman ilimin sinadarai ko lissafi ko kiwon lafiya a matakin jami'a kuwa, sai ya bi ta Ingilishi ko Faransanci. Matasa na ƙoƙarin cike wannan giɓi da darussan kwamfuta da sana'o'i da Hausa, amma aikin ɗaiɗaiku ne. Kalmar kyauta ma tana buƙatar sharhi, domin laccar da ba a biya a Boston, a Gusau ko Tawa sai an sayi data an kuma biya mai cajin waya.

6.0 Inda Hanyoyin Biyu Suka Haɗu

Greensboro, wadda ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutane kusan 300,000, ta fara karɓar 'yan Nijar da yawa tun shekarun 1990, wasunsu bayan sun fara zama a New York. Aikin masana'antu da sauƙin rayuwa ne suka jawo su, har birnin ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar 'yan Nijar a Amurka, Zabarmawa da Hausawa da sauransu. Mutumin da ya zo da ilimin allo da ɗan Faransanci yana da buƙata biyu a lokaci guda: ya riƙe karatun da ya baro, ya kuma koyi harshe da sana'ar inda ya sauka. Aikin dare da renon yara ba sa barin sa zama a aji kullum. A gare shi laccar intanet ba ƙawa ba ce.

Duk da haka, abin da birnin ya tanada yana tabbatar da darasin tarihi. Kwalejin GTCC ta gundumar Guilford tana koyar da manya Ingilishi kyauta, da malami mai rai da abokan karatu. Katin ɗakin karatu na birni yana buɗe taskar NC LIVE ta littattafai da mujallu daga gida, amma akwai ma'aikacin da zai nuna wa baƙo yadda ake shiga. Masallatai kuma suna riƙe da karatun yara na ƙarshen mako, domin babu iyayen da suka yarda cewa waya kaɗai za ta gyara wa ɗansu Fatiha.

Wani abin sha'awa shi ne tsarin Asma'u da kansa ya ƙetaro teku. Jean Boyd da Beverly Mack, a littafinsu na 2013 a kan gadon Nana Asma'u, sun ba da labarin mata Musulmi baƙaƙen fata a Pittsburgh da suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru, suna naɗa jajoji, suna haɗa zaman ido da ido da hanyoyin sadarwa na zamani. Jikokin waɗanda aka hana karatu a ƙasar da Umar ɗan Sa'idu ya mutu babu ɗalibi, su ne suka ɗauko malfar Sakkwato.

7.0 Sakamako da Shawarwari

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abu uku. Na farko, kai karatu gida tsohuwar manufa ce a ƙasar Hausa, kuma mata ne suka fara tsara ta. Na biyu, na'ura tana rushe shingen nisa da na launin fata da na kulle, amma ba ta rushe shingen harshe da na talauci sai an yi da gangan. Na uku, duk inda karatun nesa ya yi albarka, daga jajojin Sakkwato zuwa kulob-kulob na Nijar da jami'ar karatu daga gida ta Birtaniya, akwai mai jin biyawar ɗalibi.

A kan haka maƙalar ke ba da shawarar jami'o'i irin su Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni ta Yamai su naɗi darussan share fage na kimiyya da lafiya da tarihi da Hausa, su sake su kyauta, cikin gajerun muryoyi marasa cin data. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin mata da na mazauna ƙetare kuma su horar da jagororin da za su tara mutum biyar ko goma sau ɗaya a mako, a zaure ko a waya, a biya abin da aka ji. Malaman Hausawa da ke koyarwa a ƙasashen waje suna da rawar takawa a nan, domin suna da ilimin, suna kuma da harshen.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun karatun gida daga zauren malam da ayarin 'Yan Taru, ta ratsa ta dokar 1830 da tashar talabijin ta 1955 a Karolina ta Arewa, da Yaƙi da Jahilci da tafsirin Rediyon Kaduna, har zuwa laccocin intanet. A yau muryar malami ta yi arha fiye da kowane zamani, kuma matar da ke Greensboro da wadda ke Wurno za su iya jin darasi ɗaya a rana ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai zauna da kowace daga cikinsu ya ce ta biya. Nana Asma'u ta tsara waƙa, ta kuma naɗa jaji. Intanet ta ɗauke wa wannan zamani rabin aikin na farko, saura naɗin jaji.